SALULA A KASUWAR SHANU: WASU SUN HAYE, WASU NA NAN BAKIN RUWA

 Maganar da za mu tattauna a wannan fitowa magana ce da kowa ke gani a kara, amma ba a cika zama a yi ta ba. Ita ce maganar wayar salula da yadda ta raba mu gida biyu: waɗanda suka iya ta suna cin moriyarta, da kuma waɗanda ba su iya ta ba, ana cin moriyarsu da ita.

Duk wanda ya san Malanville ya san gari ne na mahaɗa. Muna bakin Kogin Kwara, nisan fiye da kilomita 700 daga Kwatano, Gaya ta Jamhuriyar Nijar na tsallaken gada, Kamba da Lolo na Jihar Kebbi ta Nijeriya kuma ba su da nisa. Ƙasa uku ke nan, kuɗi iri biyu, sefa da naira, harshen boko iri biyu, Faransanci da Ingilishi, ban da Dandanci da Zabarmanci da Fulatanci da Barbanci da Yarbanci da Hausarmu da ake ciniki da su. Saboda haka ne za ka ga falke ɗaya da waya biyu ko uku a aljihu: layin MTN ko Moov ko Celtiis na Benin, layin Airtel ko Zamani na Nijar, ga kuma na Nijeriya. Wannan hidima ce, kuma kuɗi ne. Wanda bai iya ɗaukar hidimar ba, to, a yau shi ne ke biyan kuɗin ta wata hanya, ko da bai sani ba.

YADDA AKE YI A DA

Waɗanda suka shiga wannan sana'a a shekarun 1980 da 1990 za su tuna yadda labarin kasuwa ke tafiya. Direban da ya dawo daga Legas ko Ibadan shi ne jarida. A tare shi a tasha a tambaye shi, shanu sun yi yawa a Agege ko sun yi ƙaranci? Mahauta na biya hannu da hannu ko sai bashi? Wani kuma maigidansa na kurmi ya rubuto masa wasiƙa da ajami a ba yaron mota. Mai hali ya je gidan waya ya bi layi, ya jira a haɗa shi da Paraku ko Kwatano, wani lokaci ya wuni bai samu ba. Kafin labari ya iso ka ya kwana uku ko huɗu, farashin da aka faɗa maka ya riga ya zama tarihi.

A watan Janairu na 1994 aka karya darajar sefa da rabi a dare ɗaya. Dattawan kara har gobe suna ba da labarin yadda masu rediyo a kunne suka riƙe dabbobinsu, waɗanda ke daji ba su ji ba kuma suka ci gaba da sayarwa a tsohon lissafi na 'yan kwanaki. Tun a wancan lokaci, ke nan, labari kuɗi ne. Bambancin shi ne a da duhun ya game kusan kowa. Babban falke da ƙaramin falke duk direba ɗaya suke jira, rediyo ɗaya suke saurare, tazarar da ke tsakaninsu ba ta wuce ta jari da sanin mutane ba.

ZUWAN SALULA

Daga wajen shekarar 2000 zuwa 2001 salula ta shigo ƙasashen nan uku, ta fara daga manyan birane tana gangarowa. Babu mai musun alherin da ta kawo. Wata malamar jami'a 'yar Amurka mai suna Jenny Aker ta bi kasuwannin hatsi na Nijar tsakanin 2001 da 2006, lokacin da ake kakkafa turakun waya gari bayan gari. Abin da ta gano shi ne, inda sabis ya isa, bambancin farashin hatsi tsakanin kasuwa da kasuwa ya ragu da kashi 10 zuwa 16 cikin 100. Dalili kuwa mu mun san shi ba sai an faɗa mana ba: ɗan kasuwa ya daina ɗaukar kaya ya tafi a makance. Kira ɗaya ya isa ya san inda ake nema da inda aka ƙoshi.

Haka abin ya kasance a harkar dabbobi. Kafin ka yi lodi a Guene ko Gogounou, ka riga ka ji yadda Paraku ta tashi da yadda Bohicon ta kwana. Mota ta lalace a hanya da shanu talatin a ciki, direba ya kira, a tura wata kafin zafi ya kashe su. Yaran da ke kora a ƙafa su sanar da kai inda suka yada zango. Ƙaramar waya mai maɓalli ta isa duk wannan, ba ta bukatar karatu, cajinta na yin kwanaki, kuma ba a daɗe ba ta yi arahar da makiyayi ma ya saye ta da kuɗin akuya. A wancan zango salula ta rage tazara tsakaninmu.

To, amma zamani riga ne. Da manyan wayoyi masu intanet suka shigo, kasuwa ta koma cikinsu, sai tazarar ta sake buɗewa, ta ma fi ta da.

MUTUM UKU A KARA ƊAYA

Idan ka tsaya a kara ranar kasuwa ka lura da kyau, za ka ga mutum iri uku.

Na farko shi ne mai babbar waya wanda kuma ya iya karatun boko, ko na Faransanci ko na Ingilishi. Wannan tun da asuba ya ga canjin naira da sefa na ranar. Yana cikin zaurukan WhatsApp na fatake da na direbobi. Zai zaga bayan bijimi ya ɗauki hotonsa mai motsi, tozo da gindi da tafiya, ya tura wa mahauci a Legas ko Kwatano, a yi ciniki a gama, kuɗi su shigo masa, dabbar tana tsaye a turke ba ta ɗaga ƙafa ba. Da yawa daga cikin irin waɗannan samari ne, wasunsu ko shekara biyar ba su yi a kara ba.

Na biyu shi ne mai ƙaramar waya, ko mai babbar da bai san komai a cikinta ba sai amsa kira da sauraren saƙon murya. Mafi yawanmu a nan muke. Mun san dabba, mun san mutane, mun iya lissafi da ka fiye da mai na'ura, amma in saƙo ya shigo a rubuce sai mun nemi wanda zai karanta.

Na uku shi ne makiyayin da ya fito daga rugagen wajen Karimama ko Madekali ko tsallaken kogi, inda sai an hau tudu ko bishiya kafin a samu rezo, caji kuma sai ranar kasuwa a biya mai janareto ko mai sola. Shi ne mai dabbar tun asali, shi ya sha rana da ruwa a kanta shekara huɗu ko biyar, kuma shi ne ya fi kowa rashin labarin abin da take kaiwa.

Mu ɗauki misali don a gane. A ce jiya da yamma kasuwar kurmi ta tashi, ko naira ta ɗan farfaɗo, har san da ake saye jaka 400, wato sefa 400,000, yau ya cancanci jaka 430. Na farko ya sani tun daren jiya. Na biyu zai ji wajen azahar in ya kira mutanensa. Na uku sai mako mai zuwa. Jaka 30 ɗin nan ba ta ɓace ba, ta tashi ne daga aljihun wani ta koma na wani. A ninka ta sau shanun tirela guda, a ninka sau kasuwannin shekara, sai a ga girman abin da muke magana a kai.

Maganar canji ba ƙarama ba ce gare mu, domin da sefa muke saye, da naira muke sayar da mafi yawa. Sefa a ɗaure take da kuɗin Turai, Yuro ɗaya sefa 655.957, ba ta motsi. Naira kuwa tun da gwamnatin Nijeriya ta sake ta a watan Yuni na 2023, dalar Amurka da ke wajen naira 460 a farashin hukuma ta haura 1,500 a watan Fabrairu na 2024. A irin wannan yanayi farashin safe ba shi ne na yamma ba. Wanda ya ba da shanu bashi a naira bai bi canji kullum ba, yana iya karɓar kuɗinsa cif-cif amma ya dawo gida da asara.

Haka kuma labarin iyaka. Nijeriya ta rufe iyakokinta na ƙasa a watan Agusta na 2019, ba ta fara buɗewa ba sai Disamba na 2020, ta Kamba ma sai Afrilu na 2022. Bayan juyin mulkin Nijar na 26 ga Yuli, 2023, da takunkumin ECOWAS da ya biyo baya, gadarmu ta rufe, manyan motoci suka yi jerin gwano na kilomitoci a nan Malanville. An ɗage takunkumin a watan Fabrairu na 2024, Benin ta buɗe nata gefen, Nijar ta bar nata a rufe, jama'a suka koma kwale-kwale. A watan Mayu na 2025 kuma, ana shirin Babbar Salla, hukumomin Nijar suka hana fitar da dabbobi waje. Kowace ɗaya daga cikin waɗannan sanarwa da Faransanci ko Ingilishi ta fito, kuma a waya ta fara yawo. Masu karatu suka canza hanya ko suka dakatar da saye. Wasu kuwa sai da suka iso bakin shinge da raguna suka ji daga bakin jandarma ko ma'aikacin duwan, bayan sun biya kuɗin mota, ga ciyarwa na jiransu.

KUƊI SUN KOMA CIKIN WAYA

A da falke na ɗaure kuɗi a ƙugu ko cikin buhun dussa ya kama hanya da addu'a. Kowa ya san abin da 'yan fashi suka yi wa mutanenmu a hanyoyin kurmi, kuma tun daga ƙarshen 2021 rashin tsaro ya shigo arewacin Benin, musamman kewayen dajin W. Don haka tura kuɗi ta waya rahama ce. A Benin akwai MoMo na MTN da Moov Money, a Nijar akwai kamfanonin aika kuɗi irin su Nita da Al Izza da Amana, a Nijeriya ga bankuna ga OPay da Moniepoint ga masu POS a kowace kusurwa.

Amma wa ya manta da farkon 2023? Babban Bankin Nijeriya ya sauya takardun naira 200 da 500 da 1,000, ya sa wa'adin 31 ga Janairu, ya ƙara zuwa 10 ga Fabrairu, tsofaffin kuɗi suka koma banki, sababbi ba su fito ba. Sai da Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a ranar 3 ga Maris aka fara numfashi. A waɗannan makonni kasuwannin dabbobi sun ga tashin hankali. Mai saye ya ce ba shi da tsaba sai dai taransifa. Makiyayi ba shi da asusu, ba shi da katin da zai buɗe asusu, bai yarda da kuɗin da bai riƙe a hannu ba. Ƙarshenta ko ya koma da dabbarsa, ko ya karyar da ita ga wanda ke da tsaba, ko a tura kuɗin asusun wani ya cire ladansa mai tsoka. Masu asusu da waya sun yi ciniki a lokacin, wasu ma sun yi arziki.

Ga kuma masifar alat na bogi. Mutum ya saye sa, ya nuna maka saƙo a wayarsa, ko saƙo ya shigo taka mai kama da na banki, ka saki igiya, sai bayan kwana ɗaya ka gane babu ko sisi. Wanda ya iya buɗe asusunsa ya duba abin da ya rage a ciki ba a yi masa wannan. Wanda bai iya ba shi ake nema. Haka masu kira su ce daga kamfani suke, an yi kuskuren turo maka kuɗi, ko ka ci kyauta, ka faɗi lambar sirri. Sannan akwai wadda ba a son faɗa: dattijo mai jarin miliyoyi, amma lambar sirrinsa na hannun yaron shago ko ɗan ɗan'uwa, domin shi ne mai latsa masa. Yawancin yaran nan masu amana ne, Allah Ya yi masu albarka. Amma duk da haka sirrin ciniki ya fita daga hannun mai shi, kuma mun ga gidajen da zumunci ya lalace a kan haka.

Hatta riƙe layin kansa ya zama aikin masu takarda. A Nijeriya tun Disamba na 2020 aka ce kowa ya haɗa layinsa da lambar ɗan ƙasa ta NIN, a watan Afrilu na 2022 aka hana layuka fiye da miliyan 70 yin kira. Falken Benin ko na Nijar da ke amfani da layin Nijeriya don mahautansa na kurmi, ina zai samo wannan lamba? Sai ya roƙi wani ya yi masa rajista da sunansa, layin da duk cinikinsa ke kai ya zama a hukumance na wani ne. A nan Benin kuma, ranar 30 ga Nuwamba, 2024, lambobin waya suka tashi daga guda 8 zuwa 10, aka ƙara 01 a gaban kowace. Ga mai karatu aikin 'yan mintoci ne. Ga wanda ke gane lambar abokin cinikinsa da siffarta ko da ƙarshenta, sai da ya nemi mai gyara masa su ɗaya bayan ɗaya.

INA MATSALAR TAKE?

Hukumar sadarwa ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ITU, ta ƙiyasta cewa a 2024 mutum biliyan 2.6 a duniya ba sa amfani da intanet, kuma a Afirka kashi 38 cikin 100 ne kawai ke amfani da ita. Ƙungiyar kamfanonin salula ta duniya, GSMA, ta nuna wani abu da ya kamata mu riƙe: a ƙasashenmu na kudu da Sahara, mafi yawan waɗanda ba sa shiga intanet suna zaune ne a inda sabis ɗin ya riga ya isa. Turken waya na kansu, abin da ya hana su daban ne.

Malanville kanta shaida ce. Igiyar intanet da ke fitowa daga teku a Kwatano ta biyo ta Paraku da Kandi ta iso nan, ta haye Gaya ta nufi Dosso da Yamai. A ƙarƙashin ƙafarmu take wucewa. Abin da ya tsaya tsakaninmu da ita abu huɗu ne.

Na ɗaya, tsadar babbar waya da tsadar data, ga wanda zai riƙe layin ƙasa uku. Na biyu, wuta, domin babbar waya kullum sai ta sha caji, ruga kuwa ba lantarki. Na uku, kuma shi ne babba, harshe da rubutu. Da yawanmu mun yi allo, mun yi Islamiyya, muna karanta Larabci da ajami, muna rubuta bashi a littafi ba kuskure. Amma saƙon kamfani da na banki da na hukuma da Faransanci ko Ingilishi yake zuwa. Mutumin da ya sauke Alƙur'ani sai ya tsaya gaban yaro ɗan firamare yana jira a fassara masa nawa ya rage a asusunsa. Na huɗu, iyaka. Kana haye kogi layinka ya zama baƙo, kuɗin kira ya ninka. ECOWAS ta amince tun 2017 a sauƙaƙa wannan tsakanin ƙasashenta, amma aiwatarwa na tafiyar hawainiya, sannan Nijar ta fice daga ƙungiyar a watan Janairu na 2025.

Ya kamata kuma mu san abin da ake dogara da shi na iya yankewa. A watan Satumba na 2021 an kashe sabis a Jihar Zamfara baki ɗaya da sassan Katsina da Sakkwato saboda yaƙi da 'yan bindiga, aka rufe kasuwannin dabbobi na mako-mako. Ranar 14 ga Maris, 2024, igiyoyin ƙarƙashin teku suka katse, intanet ta raunana a Benin da Nijeriya da wasu ƙasashen yammacin Afirka na kwanaki. Saboda haka kada kowa ya jefar da littafinsa na bashi da shaidunsa don ya sayi waya. Sannan farashi ba ƙaddara ba ne. A 2018 gwamnatin Benin ta sa harajin sefa 5, dala guda ke nan, a kan kowace mega ta WhatsApp da Facebook da ire-irensu, jama'a suka yi magana da murya ɗaya, a watan Satumba na shekarar aka janye.

ABIN DA MALAMAI SUKA KARANTAR DA MU

Wannan matsala sabuwa ce a kayan aiki, amma hukuncinta tsoho ne. A babin ciniki malamanmu sun karantar da mu cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya hana a fita bayan gari a tari ayari a saye kayansu kafin su shigo kasuwa su san farashi. Hikimar a fili take, kada a ci dukiyar mutum da rashin saninsa. To, ɗan'uwa, in ka hau babur ka je ruga da farashin Legas na safiyar yau a aljihunka, ka ce wa Bafulatani kasuwa ta faɗi alhali ka san ta tashi, mene ne bambancinka da mai tarar ayari? Neman labari ba laifi ba ne, riba halal ce, wanda ya sa kuɗinsa da wahalarsa ya kai dabba kurmi ya cancanci abin da ya samu. Inda haramcin ya shigo shi ne ƙarya da rufa-rufa. Wannan tambaya ce da ya dace limamanmu na kara su yi wa'azi a kanta.

Har ila yau, aya mafi tsawo a Alƙur'ani, a ƙarshen Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaidu ta sauka. Sana'armu rabinta bashi ne. A nan waya na iya zama mai taimako ko ga wanda bai iya boko ba: a ɗauki muryar mai saye yana faɗin adadin shanu da kuɗi da ranar biya da irin kuɗin, sefa ko naira, a gaban shaidu biyu, kowa ya ajiye a wayarsa. Rigingimu da yawa da ke zuwa gaban shugabannin kara da ba su taso ba.

SHAWARA GA ƘUNGIYA

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, kuma ba sai mun jira gwamnati a kan komai ba. Maƙwabtanmu na Gogounou sun nuna mana hanya. Tun cikin shekarun 1970 makiyaya da 'yan kasuwar can suka fara gyara tsarin kasuwarsu, har ta kai ciniki ya koma a fili tsakanin mai saye da mai sayarwa, dillalai suka zama shaidu masu lada sananne, ana yanka takarda a kan kowace dabba, kuɗin da aka tara a yi wa kasuwa aiki. Abin da suka yi da takarda, mu ma za mu iya yi da waya. Ga abin da nake ganin ya dace a kawo gaban taro:

Na farko, ƙungiya ta naɗa amintattu a manyan kasuwannin da muke hulɗa da su, su riƙa turo farashin sa da saniya da maraƙi da rago, da canjin ranar, da halin hanya da iyaka. Sakatare ya haɗa ya fitar da saƙon murya da Hausa da Dandanci da Fulatanci kowace safiyar kasuwa. A kuma faɗe shi da lasifika a bakin kara, a rubuta a allo da boko da ajami, a kai wa gidan rediyon gari, don wanda ba shi da waya ya ji daidai da mai ita. Irin wannan ba baƙon abu ba ne. A Mali tun 2017 akwai tsarin Garbal, inda makiyayi ke kira da ƙaramar waya a gaya masa da harshensa inda ciyawa da ruwa suke da farashin kasuwa, daga baya aka kai shi Burkina Faso da Nijar.

Na biyu, a buɗe ajin dare na manya a ofishin ƙungiya ko makarantar Islamiyya, ko da sau biyu a mako. Ba sai an koyi Faransanci duka ba. A koyi lambobi, da duba abin da ya rage a asusu, da gane saƙon gaskiya da na bogi, da canza lambar sirri. Daga 2009 an gwada haka a ƙauyuka fiye da 100 na jihohin Dosso da Damagaram, a wani shirin yaƙi da jahilci da ake kira ABC, inda aka haɗa karatun manya da koyon salula. Waɗanda suka koya da waya sun fi sauran iya rubutu da lissafi, domin kullum suna amfani da abin da suka koya. Dosso kuwa ga ta nan tsallaken kogi. Samarinmu masu manyan wayoyi su ne malaman, a ba su ɗan alheri. Girma ba ya faɗuwa don an zauna gaban ɗa an koyi abu.

Na uku, a sa faifan sola da wurin caji a kara daga kuɗin ƙungiya, a ba makiyaya fifiko. In hali ya samu a duba intanet ta tauraron ɗan'adam, tunda Starlink ta fara aiki a Nijeriya da Benin a 2023, a Nijar kuma a 2025, a raba kuɗin wata tsakanin 'ya'yan ƙungiya.

Na huɗu, a kafa ƙa'ida: ba a sakin dabbar da aka biya ta waya sai mai ita ko wakilin ƙungiya ya buɗe asusu ya tabbatar kuɗi sun zauna. Hoton rasit ba biya ba ne. Wanda aka kama da alat na bogi a sanar da sunansa a duk kasuwanninmu, a miƙa shi ga hukuma.

Na biyar, shugabanninmu su haɗa kai da ƙungiyoyin makiyaya irin su ANOPER, su kai kuka ga kamfanonin waya da hukumomi: a ƙara turaku a yankunan kiwo, a sa harsunanmu a saƙonnin kuɗi ko da da murya, a sassauta kuɗin kira tsakanin garuruwan iyaka, kuma duk sanarwar da ta shafi fitar da dabbobi a bayar da ita a rediyo da harshen da masu dabbobin ke ji, da isasshen wa'adi.

A ƙarshe ina kira ga waɗanda Allah Ya ba sanin wannan abu, su tuna cewa makiyayin da aka cuta bana, baɗi wata kasuwa zai kora shanunsa, kuma in ruga ta talauce kara ma ta mutu. Ina kira ga dattawa 'yan'uwana kada kunya ta hana mu tambaya. Duk mai ƙarin bayani ko gyara ya kawo wa sakatare don fitowa ta gaba. Allah Ya sa albarka a dukiyoyinmu, Ya tsare mu da cin haram, Ya ba ƙasashenmu zaman lafiya, Ya buɗe mana hanyoyi. Amin summa amin.